Saki Na Uku

Jakar da Malam Badamasi ya hau tudun Mpape da ita babu komai a cikinta. Irin babbar jakar ledar nan ce mai zanen ja da shuɗi, wadda ake cusa kayan ɗaki a ciki idan zama ya ƙare. Ya ninke ta ya matse a hammata, amma duk wanda ya ga takunsa sai ya ce dutse ya ɗauko.

Tun da sassafe ya baro Masaka. Motar da ya shiga ta yi ta jan ciki a cunkoson Nyanya, fasinjoji na ta nuna wa juna sababbin benaye da suka tsiro a gefen titi kamar an shuka su, wannan ya ce na wane ne, wancan ya ce a'a na wane ne. Shi bai ɗaga kai ba. Mutumin da ke kan hanyar ɗauko 'yarsa daga gidan miji ba shi da idon kallon bene.

Ruwa ba ya tsami banza. Jiya Alhamis yana zaune a rumfarsa ta hatsi, sai ga Kindness, ma'aikaciyar jinya a wani ɗan asibiti da ke bayan kasuwa, ta zo awon wake kamar yadda ta saba. Yarinya ce mai fara'a, Hausarta ta kasuwa ce, tana ɗaukar kalma a inda ta tsince ta.

"Baba, ina taya ka murna fa," ta ce tana buɗe leda. "Gobe za a saki Zaituna."

"Za a me?"

"Saki, Baba. Na uku ne ma. Mun daɗe muna jira. Na biyun ya ba mu wahala kaɗan, amma oga Badaru ya ce na uku zai gyara komai."

Mudun da ke hannunsa ya kife, wake ya watse a ƙasa. Zaituna ita ce autarsa, Badaruddeen kuwa mijinta. Kindness ta ga fuskar tsoho ta canza, ta ciro waya don ta nuna masa gaskiyarta, ta karanta masa saƙon da ƙarfi yadda har maƙwabtan rumfa suka ji: "An saki Zaituna, saki na biyu. Na uku ranar Juma'a da tsakar rana, in Allah ya yarda. Daga Badaruddeen." Ta so ta ƙara bayani, tana cewa abin na cikin waya ne, amma kunnen da ya ji sunan 'ya da kalmar saki a numfashi ɗaya ya riga ya toshe. Mutane suka taru. A gabansu Malam Badamasi ya miƙe tsaye ya ɗaga yatsa.

"Wallahi tallahi, in aka furta na ukun nan, 'yata ba za ta sake kwana a ƙarƙashin rufin yaron nan ba!"

Kasuwa ta yi tsit, domin kowa ya san shi. Tun da ya yi wayo bai taɓa rantsuwa ya yi kaffara ba. Bai kuma kira kowa a waya ba. Irin wannan magana ido da ido ake yin ta.

Gidan yana can saman tudu, inda mota ba ta kaiwa, sai 'yar hanyar ƙafa mai ratsa duwatsu. Yana cikin hawa aka fasa dutse a ma'aikatar da ke bayan unguwa, ƙasa ta girgiza, awaki ko a jikinsu. Da ya isa ƙofa ya tsaya ya saurara ko zai ji kuka. Dariya ya ji. Ya yi sallama da muryar da ba ta neman amsa.

Zaituna ta fito da gudu, hannunta duk ƙullun ƙosai, ta durƙusa. "Baba! Lafiya kuwa? Ko waya babu?"

Ya duba idanunta, babu alamar hawaye. Wannan ya ƙara ɓata masa rai, don a ganinsa ɓoyewa take yi. Badaruddeen ya taso daga tabarmar tsakar gida inda ya baje kwamfuta da kofin shayi, ya tsuguna har ƙasa yana gaisuwa. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa. Tsoho ya zauna, bai taɓa ruwan ba, ya ajiye jakar a gabansa ya warware ta.

"Malam Badaru, tambaya ɗaya na zo da ita. Sau nawa ka saki Zaituna?"

Badaruddeen ya ɗaga kai, fuskarsa ta haskaka irin ta wanda aka tambaya labarin gonarsa. "Sau biyu, Baba. Na ukun yau ne. Ashe labari ya kai har…"

"Innalillahi!" in ji Zaituna, ta dafe kai. Ita ta riga shi ganewa. "Baba, ba ni ba ce! Wallahi ba ni ba ce!" Ta juya ga mijinta. "Na gaya maka wannan kalmar wata rana sai ta jawo mana."

Sai a lokacin Badaruddeen ya ga jakar, ya gane abin da ya faɗa. Ya fara bayani harshe na sarƙewa, Turanci na kutsowa cikin Hausarsa. Tsoho ya ɗaga masa hannu.

"Kai yi shiru. Ke, yi min magana da harshen da na haife ki da shi."

Zaituna ta goge hannu a zani. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a nan Mpape, ta saba yi wa mai tsoro bayani a hankali. Ta ce tun farkon aurensu takan dawo gida da tarin katunan masu juna biyu da na jarirai, tana lissafa wadda ranar awonta ta zo da wanda allurar rigakafinsa ta gabato, wasu katunan ruwa ya jiƙa, wasu ɓera ya ci. Shi ne maigidan ya zauna ya rubuta mata manhaja, wato wata dabara da ake sa wa cikin waya, mai riƙe ranakun, mai tuna wa ungozoma da uwa, ko babu intanet. Da ya gama ya rasa sunan da zai sa mata, sai ya sa mata nata.

"To shi sakin fa?"

"Duk lokacin da aka gyara ta, aka fitar da sabuwa don mutane su ɗauka, shi ne yake cewa an sake ta. Kamar yadda ake sakin ruwan dam, Baba."

"Waɗanne mutane? Ba ke ya yi wa ba?"

Nan Badaruddeen ya samu bakin magana. Ya ce bai kulle ta ba. Ya ajiye rubutunta a fili a intanet, inda duk mai so zai ɗauka kyauta, ya karanta yadda aka gina ta, ya gyara in ya ga ɓaraka, da sharaɗin shi ma ya bar gyaransa a fili. Ya jawo kwamfutar gaban surukinsa yana neman izini da ido. Tsoho bai hana shi ba.

Taswirar duniya ce ta bayyana, baƙa, an yayyafa mata ɗigon haske. Badaruddeen ya ce kowane ɗigo asibiti ne da ke aiki da ita. Ya sa yatsa a inda hasken ya fi yawa ya ce nan ne Abuja da kewayenta, ga Masaka, ga Tungan Maje. Yatsan ya haura, ga Katsina, ga Maraɗi, ga Damagaram. Ya gangara yamma, ya koma gabas, ya tsallake wani faffaɗan duhu da ya ce teku ne, can ma ga ɗigo a kan wasu tsibirai da Malam Badamasi bai taɓa jin sunansu ba.

Tsoho ya matso ba tare da ya sani ba. Ya daɗe yana kallo.

"Duk waɗannan sunan 'yata suke kira?"

"Shi suke kira, Baba."

"Har waɗanda ba sa jin Hausa?"

"Har su."

Ya girgiza kai a hankali. In da ranka ka sha kallo. Yarinyar da ya raɗa wa suna a wani ɗaki mai yoyo, da ragon da ya yi ta jan ƙafa kafin ya samu, ga sunanta ya ƙetare teku ita tana nan tana suyar ƙosai.

"Wa ke biyanka?" ya tambaya, muryarsa ta ɗan sauko.

"Ba kowa, Baba. Ina da aikina na ofis a Wuse. Wannan kamar rijiyar bakin hanya ce." Ya ce ba shi kaɗai ba ne kuma yanzu. Kuskuren da ya shiga saki na biyu, wanda ke sa tunin allurar jarirai ya zo a makare idan waya ta daɗe ba ta ga intanet ba, wata baiwar Allah ce mai suna Rosemary a ƙasar Kenya ta gano shi, ta gyara, ta turo. Bai taɓa ganin fuskarta ba.

"Ita ma ba a biya ta ba?"

"Ko sisi."

"Gayya ke nan," in ji tsoho, kamar da kansa yake. "Gayyar da ba a dafa wa abinci." Sai ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ruwan ya sha. Zaituna ta saki ajiyar zuciya.

Amma da ya ajiye kofin, fuskarsa ta koma yadda ya shigo da ita.

"Na ji, na kuma gani, gani ya kori ji. Ba ka saki 'yata ba. Sai dai ni na yi rantsuwa a gaban mutane." Ya faɗa musu kalmomin yadda ya furta su, bai rage ko ɗaya ba. "Ban ce in an saki 'yata ba. Cewa na yi in aka furta na ukun nan. Magana zarar bunu ce. In wayar nan ta ce an saki Zaituna saki na uku, yau a Masaka za ta kwana, ko da ni ne zan fi kowa kuka."

"Baba, ai Allah ya san niyyarka," in ji Badaruddeen. "Akwai kaffara…"

"Kai za ka koya min kaffara? Kai da ka ɗauki kalmar da malamai suka ce ba a wasa da ita, ka manna wa sunan matarka, ka watsa wa duniya? Ni ban taɓa haɗiye rantsuwata ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Maganin abin mai sauƙi ne. Kada ka furta. Riƙe bakinka yau."

Badaruddeen ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa. "Ba ni ke furtawa ba, Baba."

"To wa?"

"Na'ura ce. Na riga na tsara mata. Na ce mata idan rana ta take ranar Juma'a, ta ɗauki duk gyaran da aka amince da shi, ta gwada, in ya ci gwaji ta saki, ta kuma aika wa kowa saƙo. Ko ina barci za ta yi. Ko an ɗauke wuta a nan. Ba ma a gidan nan take ba, tana wata ƙasa."

Malam Badamasi ya ja da baya daga kwamfutar. Wannan ya fi taswirar ba shi mamaki, ya kuma fi ta ba shi tsoro.

"Wato ka ɗaura magana a kan sharaɗi, ka sake ta tana yawo ita kaɗai, tana jiran ranarta. La'ilaha illallahu! Wane mai hankali ne ke yin haka?"

Zaituna ta sunkuyar da kai, ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Kai ma jiya ka yi, Baba."

Da wani ne ya faɗa da ya ji a jikinsa. Tsoho ya harare ta, ta ƙara sunkuyawa, amma ba ta janye ba. Can ya ja gemunsa ya yi wani guntun tsaki wanda ba da ita yake ba.

"Ni na matsa masa ya yi haka," ta ci gaba. "Da, da hannunsa yake yin komai. Duk sakin da za a yi sai ya yi kwanaki ba ya cin abinci a kan lokaci, ina magana yana amsa wa kwamfuta. Bara taifot ta kwantar da shi, asibitoci na ta kira suna jiran gyara, shi ko zama ba ya iyawa, babu kuma wanda ya san hanyar sai shi. Na ce masa in ka mutu fa, shi ke nan ta mutu? Shi ne ya koya wa na'ura aikin, ya raba makullin manhajar da wasu. Baba, wannan abin da kake tsoro shi ya dawo min da miji gida. Yau ga shi ranar saki yana zaune yana shan shayi."

"Ana iya tsayar da ita?"

"Ana iya," in ji Badaruddeen. "In ka ce a tsayar, yanzu zan tsayar." Ya ɗora yatsa a kan kwamfutar yana jira.

"In an tsayar fa?"

Zaituna ce ta amsa. Ta ce da yawa daga cikin ungozomomin ƙauye ba sa samun intanet sai ranar Juma'a, idan sun shigo gari cin kasuwa. In gyaran bai fita yau ba, za su koma da tsohuwar mai kuskure, sai wani makon. A cikin makon akwai jariran da ranar allurarsu za ta wuce ba a tuna ba.

Gaba kura, baya sayaki. Malam Badamasi ya dubi ɗigon hasken nan, ya dubi 'yarsa. Inuwar katanga ta janye ta kusa shigewa ƙarƙashin bango, rana na neman tsakiya. Daga ƙasan tudu aka fara jin lasifikar masallaci ana gwada ta.

"Ɗauke yatsanka," ya ce. "Ba da hannuna za a hana jariri allura ba."

Zaituna ta dubi jakar da ke shimfiɗe, idanunta suka ciko a karon farko tun zuwansa. Ta san mahaifinta.

Tsoho ya daɗe yana murza carbi. Can ya ce, "Ita kalmar, saukar da ita aka yi daga sama? Wa ya koya wa na'urar?"

"Ni ne, Baba. Daga Turanci na juyo ta."

"To juya ta kuma. Ba a canzawa?"

Badaruddeen ya zabura kamar an watsa masa ruwa. "Ana canzawa! Layi ɗaya ne. Sai mu ce… an fitar da Zaituna."

"Fitar da ita? Daga gidan wa?"

"To, an sallami Zaituna."

"Kai dai yau sai ka ga bayan auren nan," in ji Zaituna tana dariya da hawaye a fuska. "Me na yi maka?"

"An ƙaddamar da…"

"Gada ce?" in ji tsoho. "Ko gwamna ne zai zo ya yanke ƙyalle? Ku yi min shiru." Ya lumshe ido. "Ba a sakin abin da ake so. Abin nan tafiya ya yi, ya sha wuya a hanya, ya iso. Baƙo in ya iso me ake cewa? Yaro in ya kai ƙarshen allonsa me ake cewa? Rubuta: Zaituna ta sauka lafiya."

Badaruddeen ya maimaita a bakinsa, ya ji daɗinta, yatsunsa suka hau aiki. Ya gama, ya tsaya.

"Shi ke nan?" in ji tsoho.

"Saura shaida, Baba. Ba na iya shigar da gyara ni kaɗai, ko harafi ɗaya ne. Sai wani daga cikin masu riƙe makulli ya duba ya amince."

"Kai da ka haife ta?"

"Ni na kafa dokar, ni ta fara ci."

Malam Badamasi ya dube shi wani irin duba da bai taɓa yi masa ba tun ranar ɗaurin aure.

Wanda ke jin Hausa a cikin masu makullin shi ne Obadiah, mutumin Kafanchan, mai gyaran kwamfutoci a wata ma'aikata. Aka kira wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Aka sake. Inuwa ta ƙare a tsakar gida. A karo na gaba aka ɗauka, ƙarar iska da hon na motoci suka cika gidan.

"Oga Badaru, ina kan mashin ne! Lafiya? Kada ka ce min wani abu ya fashe yau!"

"Gyara na turo, layi ɗaya. Duba min yanzu, don Allah."

"Yanzu? Haba oga, kai ka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kai ka rubuta dokar da hannunka!"

Tsoho ya miƙa hannu aka ba shi wayar. "Kai Obadiya. Ni ne uban Zaituna. Ta gaskiyar."

Aka ji Obadiah yana ce wa mai mashin ya tsaya, ya tsaya. Ƙarar iska ta ɗauke. "Ranka ya daɗe, Baba! Ina wuni? Yi haƙuri, ban san kai ne ba." Badaruddeen ya karɓa ya yi masa bayani a gajarce. Obadiah ya yi dariya har sai da ya yi tari, sannan ya natsu ya ce bari ya duba.

"Baba, ba don kai ne ba zan amince, ka yafe ni," ya ce. "In ba daidai ba ne sai in mayar. Amma wannan ta fi tamu kyau nesa ba kusa ba. Na sa hannu. Wa za a rubuta ya kawo gyaran?"

"Badamasi mai hatsi, Masaka," in ji Zaituna kafin kowa ya yi magana.

Daga nan babu sauran abin da hannun ɗan Adam zai yi. Badaruddeen ya janye hannuwansa ya ɗora a gwiwa, su uku suka zuba wa kwamfutar ido. Wasu ƙananan da'irori masu ruwan ɗorawa suka jeru suna juyawa. Ya ce na'urar ce ta farka. Yanzu tana ƙirƙiro dubban mata na ƙarya da jariransu na ƙarya, tana ba kowace ranar awo, tana ɗauke musu intanet da gangan, tana tura kwanaki gaba, don ta ga ko tuni zai zo a kan lokaci. In ko ɗaya ya kuskure, za ta ƙi fitar da komai.

"Ko kai ka roƙe ta?"

"Ko ni na roƙe ta."

Da'ira ta farko ta koma kore. Ta biyu ta bi ta. Malam Badamasi ya ga watanni na wucewa a cikin ƙiftawar ido, mata na ɗaukar ciki suna haihuwa a wani wuri da babu ƙasa babu sama, wani ma'aikaci marar fuska yana bin su ɗaya bayan ɗaya, ba ya gajiya, ba ya jin kunyar kowa, ba ya karɓar goro. Leɓɓansa suka shiga motsi da tasbihi. Ya tuna yadda yake tsayawa a kan yaran awo don kada su danne mudu, da yadda idonsa ya fara gazawa.

"Allah mai iko," ya ce. "Wanda ya sanar da ɗan Adam wannan, shi ne abin tsoro."

Da'ira ta ƙarshe ta daɗe tana juyawa, har Zaituna ta kama bakin mayafinta ta cusa a baki. Sai ta koma kore.

Wayar Zaituna ta yi ƙara a kan tabarma. Ta ɗauka, ta karanta a fili: "Zaituna ta sauka lafiya, karo na uku. Godiya ga Rosemary da ta gyara ranakun allura, da Malam Badamasi mai hatsi, Masaka, da ya gyara mana magana."

A kan taswirar ɗigon suka fara canza launi. Na Abuja suka fara, sai abin ya bazu kamar wutar daji a busasshiyar ciyawa, ya haura arewa, ya ratsa iyaka, ya yi gabas. Tsoho ya bi shi da ido har ya ga ɗigo ɗaya can a tsakiyar teku ya ƙifta ya canza.

"Har can sunana ya je?"

"Har can, Baba."

Ya yi gyaran murya, ya gyara zaman hularsa. "To. Ba a furta ba. Ku shaida." Ya juya ga 'yarsa da tsohuwar muryarsa. "Ke kuma mutum ya zo tun daga Masaka, ƙosan nan sai ya huce za a ba shi?"

Yana cikin ci Badaruddeen ya shiga ɗauko babbar riga don su sauka masallaci tare. A lokacin ne wayar tsoho ta yi kuka a aljihu. Ya duba, ƙanwarsa ce Khairat daga Zariya, wadda 'yarta ke aiki a wani asibitin ƙauye. Yana dannawa guɗa ta fashe masa a kunne, har sai da ya janye wayar.

"Yaya! Barka, barka! Yanzu yarinyar nan ta kira ni, ta ce saƙo ya shigo wai Zaituna ta sauka lafiya, har da sunanka a ciki! Amma kun iya ɓoye abu! Me aka samu, namiji ko mace?"

Malam Badamasi ya tsaya da ƙosai a hannu. Baki shi ke yanka wuya, yau kuma nasa ne. Ya buɗe baki zai fara dogon bayanin da shi kansa bai gama riƙewa ba, ya juya wajen 'yarsa don ta taimake shi.

Zaituna ba ta dube shi ba. Tana durƙushe tana tattara kofuna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, idonta a ƙasa.

"Ka ce wa Gwaggo ta ajiye guɗarta, Baba," ta ce a hankali. "Wannan sai bayan damina."